Jawabi Game da Sana'a da Abin Zaman Gari

Hakimai da magatakarda sukan sha jin samari suna tambaya, ko mutum yana iya ci da iyalinsa da sana'ar da ransa ke so. Amsar tana nan cikin birnin Kano, a marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa an kafa ta a 1498, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa.

Rini sana'a ce ta gado, masu ita kuwa suna alfahari da ita ƙwarai. Marini yakan haɗa baba da toka a cikin rami, ya jira kwanaki har su nuna, sa'an nan ya yi ta tsoma zane yana shanyawa, daga bisani a kai wa mabuga. Sa'ad da Bature Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ayari yana kai tufafin Kano har Tambutu da Gat da Tarabulus. A lokacin nan marini ya ƙoshi, domin masu saye suna da yawa.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yadin kanti ya yawaita. Daga baya atamfar ƙasar Sin mai araha ta cika Kantin Kwari. Yau ramuka da yawa a Ƙofar Mata sun zama kufai. Ƙwarewar marina ba ta ragu ba, ƙaunarsu ga aikin ma haka. Masu saye ne suka koma wani wuri. Watau so shi ke sa mutum ya gwanance, amma kasuwa ita ke yanka masa rabo.

Mutanen dā sun san wannan. Galibin masaƙa da marina na karkarar Kano manoma ne: da damina suna gona, da rani suna sana'a. Hatsin rumbu shi ke rufa asiri in ciniki ya yi sanyi.

Saboda haka in saurayi ya zo neman shawara, kada a kashe masa gwiwa, kada kuma a ruɗe shi. A tambaye shi wa zai saya, nawa zai kashe, nawa zai rage masa. In lissafi bai fita ba, ya riƙe wata hanyar abinci tukuna, ya yi wadda yake so a gefe har ta tsaya da ƙafarta. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Allah ya sa albarka a neman kowa, amin.