Jawabi Kan Haɗa Imel Tsakanin Ofis da Sito

 

An nemi mu yi bayanin yadda muka haɗa imel tsakanin kwamfutocin wurin sana'armu. To, mu dai 'yan goro ne, ba injiniyoyi ba, abin da ya same mu da abin da muka yi shi za mu faɗa.

Saƙon baka ne ya ja mana. An yi lodin mota za ta Arewa, ofis suka ce huhu 40 suka faɗa, yaron sito ya rantse 30 ya ji. Saƙon da zai raba gardama yana cikin wayar da aka sace a tasha. Mai kaya ya biya kuɗin 40, ya karɓi 30. Saura kaɗan mu rasa abokin ciniki na shekaru, kuma wallahi saura kaɗan mu ɗora wa yaron kirki sata. Daga nan muka ce duk umarnin fitar da kaya sai a rubuce, kuma rubutun ya zauna a ofis, ba a aljihun kowa ba.

Imel ba sabon abu ba ne. Tun 1971 wani Ba'amurke, Ray Tomlinson, ya fara aika shi tsakanin kwamfuta da kwamfuta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne yana aiki a cikin gida ko babu intanet. Kamar gidan waya ne ƙarami. Ana ware kwamfuta ɗaya ta zama gidan wayar, tana karɓar wasiƙu tana ajiye wa kowa a akwatinsa. Mu tsohuwar kwamfuta muka ware, aka sa mata Linux da manhajoji biyu na kyauta, Postfix mai kai saƙo da Dovecot mai tsare akwatuna. Sauran kwamfutocin aka sa musu Thunderbird don karantawa da rubutawa. Duka an haɗa su da rauta ɗaya. Sitonmu yana bayan ofis, aka ja masa waya, amma ku sani irin wannan waya ba ta son wuce mita 100.

Ga inda muka yi tuntuɓe. Rauta ce ke raba wa kowace kwamfuta lamba, kuma tana iya sauya ta idan an kashe an kunna. Wata safiya muka tashi saƙo ya ƙi tafiya, ashe gidan wayar ne ya sauya lamba, sauran suna nemansa a tsohon wuri. Maganinsa a kafe masa lamba guda, irin 192.168.1.10, kada ta motsa.

Sai sunan da ke bin alamar @. Kada ku ari sunan kamfanin wani, kuma ku bar .local, na'urori suna amfani da shi wajen gane juna. Tun 2024 an keɓe .internal don irin wannan aiki na cikin gida.

Mai haɗa muku zai tambaye ku, POP3 ko IMAP? Ku ce IMAP. Shi POP3 yakan kwashe wasiƙa zuwa kwamfutar mai karantawa, idan ta lalace shi ke nan. IMAP kuwa yana barin ta a gidan wayar. Mu da shaida muke nema, ai wannan ne namu. Kuma kowa da akwatinsa da kalmar sirrinsa. In mutum uku suna shiga akwati ɗaya, an koma gidan jiya, ba a san wa ya rubuta ba.

Batun wuta ba sai mun gaya muku ba. In gidan wayar ya mutu, babu saƙon da zai motsa, don haka muka ɗora shi a kan inbata. Duk Juma'a kafin a tafi masallaci kuma ana kwafe akwatunan a faifan ajiya daban, Alhaji ya tafi da shi gida.

Abu ɗaya, kada wani ya zo ya ce mun ruɗe shi: wannan imel ba ya fita waje. Ba za ka aika wa ɗan'uwanka na Kano da ke Gmail da shi ba, wancan sai da intanet da suna mai rajista. Wanda yake son ganin namu yana aiki, ya biyo ofis bayan la'asar, yaranmu za su nuna masa.