Motarka Tana Kwana a Bakin Iyaka: Me Kyamara Za Ta Yi Maka?

Direba, mai mota, ɗan kasuwa, da kai makiyayi mai ɗaukar shatar mota ta kai maka dabbobi kara, yau da ku nake.

Ka san yadda abin yake. Ka iso Maigatari daren Laraba domin kasuwar Alhamis, ko ka shiga layi tsakanin Illela da Birnin Ƙonni kana jiran takardun kwastan da na duwan. Ka kulle mota ka tafi masauki, yaron mota ya ce zai sa ido, barci ya kwashe shi. Da asuba ka dawo ka tarar an zuƙe mai a tanki, an kwance batir, ko an yanka tampol an zare buhu biyu. Wani lokaci ma ba ɓarawo ba ne, wani direba ne ya goge ka yana juyawa, ya fasa madubi ya yi gaba abinsa. Waɗanda rufe iyaka na 2023 ya rutsa da su, motocinsu suka yi makonni a jere a bakin hanya, sun fi kowa sanin wannan ciwo.

Shi ya sa yanzu ake ta sayen 'yar kyamarar nan da ake mannawa a gilashin gaba. Ban hana ka saye ba. Amma ka sani, ba ta da hannu, ba ta da sanda. Aikinta ta gani ta adana, ta zama shaida. To, shaida kuwa sai ya kasance ido biyu lokacin da abin ya faru, kuma a nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu.

Yawancin kyamarorin nan a ramin caji na gaban mota ake jona su. A motoci da yawa, kana zare makulli wutar ramin nan ta ɗauke. Wato kana barci, ita ma tana barci. Saboda haka tun a shago ka tambaya: tana aiki in mota tana ajiye? Mai irin wannan tsari takan farka in ta ga motsi ko in an bugi motar. Sai ka kai wa mai gyaran wutar mota ya jona ta daga akwatin fis, da wayar da ke yanke wuta da kanta in batir ya yi ƙasa, kusan bolt 12 a ƙaramar mota. In babu wannan, za ta tsotse batir, gari ya waye kana neman masu turi. Manyan motoci galibi bolt 24 suke amfani da shi, ka duba ko kyamarar ta ɗauka, kada ta ƙone ran farko. In batirinka ya tsufa, ko za ka kwana uku a layi, gara ka ware mata nata batir daban.

Sai zafi. A watan Afrilu, a Maraɗi ko Damagaram, ma'auni yana wuce 40 a inuwa, balle cikin motar da aka kulle a rana. Ƙaramin batirin da ke cikin wasu kyamarori yakan kumbura ya lalace. Nemi wadda aka yi da kafasita a madadin batir, ta fi jure wa ƙasarmu.

Yanzu ka kasa kunne da kyau, don wannan ne ya fi cin mutane. Kyamarar tana ɗauka ne a kan katin memori, in ya cika sai ta goge na baya ta hau kai. Kati mai giga 32, in tana ɗauka ba tsayawa, sa'o'i kaɗan yake riƙewa, ba ya kai wuni. Ka ga ɓarna da safe, hankalinka ya tashi, ka tayar da mota ka yi ta zirga-zirga har azahar, to hoton daren ya tafi ke nan. Abu na farko, kafin ihu, kafin waya: kashe ta, zare katin, sa shi a aljihu. Kuma katin jabu ya cika kasuwa, ka gwada shi a gaban mai shago.

Ina take kallo? Gaba. Ina tankin babbar mota da batirinta suke? A gefe. Ɓarawo kuwa ya san haka. Mai hali ya ƙara ta biyu. Marar hali, ga dabara da ba ta cin ko sisi: ku haɗa kai da abokin tafiya, ka ajiye motarka tana fuskantar gefen tasa, shi ma wata ta fuskanci taka. Ku nemi wurin da ke da fitila, domin cikin duhu inuwa kawai za ka gani. Lokacin hunturu a goge gilashi kafin a kwanta, ƙura makanta kyamara take yi. Kuma a ɓoye ta bayan madubin ciki, don in ɓarawo ya fasa gilashi ya cire ta, ya tafi da shaidar gaba ɗaya.

Akwai masu layin waya a ciki, masu turo maka hoto kai tsaye. Suna da kyau, sai dai layin MTN da ke aiki a Jibiya yana iya yin shiru a Maraɗi, na Moov ko Zamani ma haka in an tsallako. Ka gwada a gefen biyu kafin ka dogara da ita. A daidaita rana da agogonta. Sauƙin abin, Najeriya, Nijar, Chadi, Kamaru da Benin duk agogonmu ɗaya ne. In ka iso shingen jami'an tsaro kuwa, ba sa son a ɗauke su, ka kashe ta ko ka gaya musu da bakinka.

To, a ce ka buɗe katin ka ga mutum. Don Allah, ɗan uwa, ka riƙe zuciyarka. Hoton dare dishi-dishi ne. Mutum da rawani ko malfa, da sanda a kafaɗa, rabin jama'ar kara haka suke. Ka tura a WhatsApp ka ce wane ne, kafin la'asar an taru a kan wani bawan Allah makiyayi da ya zo sayar da ragonsa, alhali wucewa kawai ya yi ta gefen motar. Kwafi hoton a wayarka ka ajiye, ka sanar da shugabannin tasha, sannan ka kai katin wurin 'yan sanda ko jandarma na ƙasar da abin ya faru a cikinta. Ka tafi da takardun mota, ka rubuta abin da aka ɗauka da lokacin da kyamara ta nuna, ka kuma karɓi takardar shaidar cewa ka kai ƙara.