Jawabi: Tsakanin "Ai Na Sani" Da Sani

 

Jama'a, tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a 1930, kakanninmu suka yi ta kwararowa neman halaliya, wasu suka zarce Gashuwa. Ga mu nan har yau tsakanin Mangawa da Badawa, kasuwarmu ɗaya, makabartarmu ɗaya. To amma a tambayi ɗayanmu ko yana jin Manganci ko Badanci, sai ya ce, "Ai ina ji, mayarwa ce dai ke ba ni wahala." A kan wannan "ina ji" za mu yi magana yau.

Abin da ke faruwa shi ne, lokacin da maƙwabci ya gaya mana cewa "nji" shi ne ruwa da Barbarci, "fato" kuma gida, kalmar na cikin kunnenmu da ɗuminta, sai zuciya ta ce an kama. Kwana uku a ce mu faɗa, sai sosa ƙeya. Wani abin da ke ƙara ruɗinmu shi ne kamanni. Mun ji "kasuwu" mun gane kasuwa, mun ji "tilo" mun gane ɗaya, domin tsohuwar cuɗanya ce tsakanin Hausa da Barbarci. Sauƙin waɗannan sai ya sa mu zaci sauran ma haka suke.

Masana sun auna wannan abu. A 2008 wasu masu bincike biyu a Amurka, Karpicke da Roediger, sun ba ɗalibai kalmomin Swahili 40 su koya tare da ma'anarsu da Turanci. Wasu aka ci gaba da yi musu tambaya a kan kowace kalma ko da sun taɓa cinta, wasu kuwa da zarar sun ci sau ɗaya sai a daina tambayarsu ita. Da aka ce su kintaci nawa za su tuna bayan mako guda, dukkansu suka ce kamar rabi. Da makon ya cika, waɗanda aka yi ta tambaya suka kawo kusan kashi 80 cikin 100, sauran kuwa kamar kashi ɗaya cikin uku. Kun ga ke nan, kowane ɓangare bai san matsayin kansa ba. Tun a 1991 ma Nelson da Dunlosky sun nuna cewa in mutum ya ɗan jinkirta kafin ya auna kansa, kuma amsar ba ta gabansa, hukuncinsa ya fi dacewa da gaskiya.

Mu kam wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A makarantar allo almajiri ba ya wanke allonsa don ya ce ya iya. Sai ya biya wa malam, malam ya yarda. Mahaddaci kuma bai taɓa barin tilawa don ya sauke.

Saboda haka ga shawararmu. Kowane gida ya ɗauki kalmomi biyar a mako daga bakin maƙwabta. Akwai ƙamus na Badanci da Turanci da Hausa da ya fito a 2004 ƙarƙashin aikin marigayi Farfesa Russell Schuh, har da na karin harshen Gashuwa. Matasa su nemo mana. A rufe takarda, a bari a kwana, sannan wani ya tambaye mu. Wadda muka ci ma kada a ajiye ta, a sake tambaya bayan kwana uku, a kuma bayan mako. Iyaye mata, in yaro ya ce ya haddace kalmomin Turanci ko Larabci na jarrabawa, ku karɓi littafin ku tambaye shi washegari. Ko ba ku yi boko ba, yayansa ya riƙe littafin.

Iyayenmu Badawa da Mangawa sun koyi harshenmu har 'ya'yansu da yawa sun fi sakewa da shi a kan nasu. Abin kunya ne mu shekara hamsin a garin mutane ba mu iya yi musu ta'aziyya da bakinsu ba. Zama da mutane hakki ne, kuma gaisuwa ce farkonsa.

A taro mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu fara da tambayar shugabanni kalmominsu biyar, ba takarda a hannu. Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.