Jawabi Kan Tsaron Gida Lokacin Tafiyar Sallah

 

Tun da aka dawo da fadar gwamnati daga Legas a watan Disamba na 1991, Abuja ta zama garin 'yan ci-rani, mu ma a ciki. Da sallah ta ƙarato sai Kubwa da Nyanya da Karmo da Dei-Dei su yi tsit, wasu sun bi jirgin ƙasa zuwa Rigasa, wasu sun cika tashar mota. Ɓarawo ma ya san wannan lissafi, watakila ya fi mu saninsa.

Ƙaton kwaɗo a bakin ƙofa shela ce cewa babu kowa a ciki. Abin da ya fi shi amfani shi ne maƙwabci. A bar masa mabuɗi, ya riƙa share ƙofar gida, yana kunna fitila da dare, yana kashewa da safe. Mu da muke zaune a gidajen haya masu ɗakuna jere, a duba silin kafin a tafi, domin sau da yawa ta can ake haurowa daga ɗakin da ba kowa. Janareta da tukunyar gas da babur a kai su wurin amintacce. Takardun fili da rasiɗan haya kuwa a tafi da su. Ga matasanmu kuma, don Allah a daina sanya hoton tasha a Facebook da WhatsApp ana "sai bayan mako biyu". Wa kuke sanarwa?

Amma abin da ya fi damunmu a wannan ƙungiya shi ne haƙƙi. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama a duk inda ya so a ƙasar nan, sashe na 37 kuma ya kare sirrin gidansa. Ɗakin da ka kulle ka tafi Katsina yana nan naka ko da haya kake. Mun sha samun koke cewa mutum ya dawo ya tarar mai gida ya ɓalle ƙofa ya zuba kayansa waje saboda kuɗin haya. Dokar karɓar gidan haya ta Abuja ba ta yarda da haka ba. Mai biyan wata-wata sai an ba shi sanarwar wata ɗaya, mai biyan shekara wata shida, in ba a rubuta wani sharaɗi daban a yarjejeniya ba, sannan a ƙara wata sanarwar ta kwana 7, sannan a je kotu. Alƙali ne kaɗai yake fitar da ɗan haya.

To, in Allah Ya ƙaddara aka dawo aka tarar an yi sata fa? Kada a taɓa komai. A ɗauki hoto, a rubuta abin da ya ɓata, a kira 112 ko a je ofishin 'yan sanda mafi kusa. A nan ne mu ma muke yin kuskure. Zuciya ta ɗebe mu, sai mu nuna mai gadi ko mai ruwa ko almajirin da ke yi mana wanke-wanke, ba tare da wata shaida ba, alhali su ma baƙi ne kamar mu, kuma sun fi mu rashin gata. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana a kama wani a madadin wani, dokar 2017 ta haramta azabtarwa, kuma wanda aka tsare sai a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu a kusa. Dukan ɓarawo a titi laifi ne. In ya mutu, wanda ya ɗaga sanda zai amsa tuhumar kisa, kayan kuma ba za su dawo ba.

Duk mai niyyar tafiya ya ga sakatare bayan taro, ya rubuta ranar tashi da ranar dawowa da sunan wanda ya bar wa mabuɗi. Za mu miƙa jerin ga masu sintirin unguwa, ban da su ba wanda zai gani. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya. Wassalamu alaikum.