Tsirrai, Ƙwari Da Tsuntsayen Kubanni A Bakin Bahaushe



Mai yiwuwa ne wani ya tambaya, ina ruwan malamin Hausa da itatuwa da ƙwari da tsuntsaye, alhali kuwa ga masana ilmin halittu a wannan jami'a waɗanda aikinsu ke nan? Amsar ita ce, tun kafin a kafa tashar binciken aikin gona ta Samaru a 1922, balle Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, manoma da maharba da makiyaya da matan karkara sun daɗe suna lura da abin da ke cikin wannan daji, kuma sun ajiye abin da suka gano a cikin sunaye da karin magana. Wannan ajiya ce na ke so mu buɗe yau, mu gwada ta da abin da masana suka tabbatar, sa'an nan mu duba halin da ta ke ciki.

Wurin da zan kafa misalaina ba nesa ya ke ba. Kogin Kubanni ya taso daga wajajen Shika, ya ratsa harabar jami'a, ya bi ta tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada, kana ya faɗa Galma. A 1973 aka datse shi domin samar wa jami'a ruwan sha. Wannan tafki, da fadamar da ke kewaye da shi, da kwazazzaban da ruwa ya haƙa a gefensa, da lambun tsirrai na jami'a, su ne ragowar dajin da ya kamata mu sani. Ƙasar tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 680, ruwan sama kuwa ya kan kai kimanin milimita 1,000 a shekara, galibinsa tsakanin Mayu da Oktoba. Watau mun fi Kano da Katsina lema, amma ba mu kai kurmi ba. Saboda haka ne a kan ga gawo da bagaruwa, 'yan ƙasar arewa, suna maƙwabtaka da maje da maɗaci da ɗinya.

Bari mu fara da doka. Ita ce itaciyar da ta mamaye asalin dajin ƙasar Zazzau, har ma da masanan Turai suka zo raɗa mata sunan kimiyya sai suka ari namu, suka ce Isoberlinia doka. Kalmar Hausa ke nan ta shiga littattafan ilmin tsirrai na duniya. A ganina, da wannan itaciya ce ma mu ke tuna daji mai nisa da mutane in mun ce dokar daji. To, amma ɗalibi nawa ne a wannan ɗaki zai iya nuna doka in ya gan ta? Abin da ya rage mata a kusa da Samaru galibi toho ne daga kututturen da aka sare.

Ga inda maganar ta ke da daɗi. Akwai wata tsutsa da ke cin ganyen itatuwan daji, ta taru da 'yan'uwanta su saƙa gida guda. Daga wannan gida ne kakanninmu suka riƙa samun silikin gargajiya da a ke kira tsamiya, wanda a kan dafa da toka, a kaɗa, a yi zare mai ruwan ƙasa-ƙasa. Masu sana'ar sun rarrabe shi bisa ga itaciyar da tsutsar ta ci, suka ce akwai tsamiyar tsamiya, akwai kuma tsamiyar doka. Zariya kuwa gari ne da ya shahara da ɗinkin hannu na babbar riga. Ku duba tsawon wannan igiya: daga doka zuwa tsutsa, daga tsutsa zuwa mazari, daga mazari zuwa allurar maɗinki, har zuwa wuyan rigar basarake. Wanda ya sare dokar ƙarshe a wani daji bai san ya taɓa sana'ar mutumin da ke zaune a zaure a cikin birni ba.

Misali na biyu shi ne ɓaure. Kowa ya san Bahaushe ya ce ana cin ɓaure ba a tona cikinsa, domin wanda ya tona zai tarar da ƙananan ƙwari. Mu mun ɗauki wannan a matsayin aibi, muka yi karin magana da shi a kan rufin asiri. Masana kuwa sun nuna cewa furannin ɓaure a cikin ɗan su ke, a rufe, kuma babu mai kai musu garin fure sai wata 'yar mitsitsiyar rina da ba ta wuce milimita biyu ba. Macen ce ke kutsawa ta ɗan bakin da ke ƙasan ɓauren, ɗauke da garin furen wata bishiyar, ta zuba ƙwai, ta mutu a ciki. 'Ya'yanta mata su fito su nufi wani ɓauren. In babu ita babu iri. Haka abin ya ke ga danginsa duka, watau durumi da ceɗiya da gamji, kusan kowanne da irin rinarsa. Ashe dai idon Bahaushe ya ga ƙwaron sarai, aikinsa ne kawai ya ɓoye masa. Su kuma waɗannan itatuwa su ne rumbun tsuntsaye da jemagu, musamman a lokacin da sauran daji ya bushe.

Tun da na ambaci jemage, ya kamata a yi masa adalci. Furen kuka da na ɗorawa da dare su ke buɗewa, kuma jemage na daga cikin manyan masu barbara su. Duk wadda ta kaɗa miyar kuka ta jefa daddawa, to, ta ci moriyar jemage sau biyu. Ita ɗorawa ma abin lura ce ga mai nazarin harshe: ƙwayarta kalwa, abin da a ke yi da kalwa daddawa, ruwan ɓawonta da a ke daɓe da shi makuba. Haka giginya da muruci, haka goruba da kaba. Duk itaciyar da ka ga sassanta sun sami sunaye daban-daban, shaida ce cewa ta daɗe tana ciyar da mutane.

Yanzu mu juya ga tsuntsaye. Shamuwa ba ta bukatar gabatarwa. Ta kan iso ne gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a kan itatuwan cikin gari, ta yi ta kalen fara da tsutsotsi a gonaki, in ruwa ya ɗauke ta koma can kudancin Afirka, inda damina ke farawa. Manomin da ya ga shamuwa ya shiga gyaran gona bai yi camfi ba, ya karanta kalanda ce mai fukafuki. Da ta tafi kuma sai baƙin hunturu su sauka a bakin tafkin Kubanni, tsuntsayen da suka ƙetaro hamadar Sahara daga Turai, su tarar da 'yan gida irin su zalɓe da balbela da kirinjijiya.

Hankaka fa? Mu kan ce hankaka mai da ɗan wani naka, har wasu na cewa ba ya yin ƙwai, na wasu ya ke sata. Haƙiƙa yana yin ƙwansa. Amma akwai wani tsuntsu mai dogon bindi da tabbare-tabbare a fukafuki wanda ba ya yin sheƙa, sai ya faki ido ya zuba ƙwai a sheƙar wasu, kuma a wannan nahiya hankaka na daga cikin waɗanda ya fi yi wa haka. Hankaka ya ƙyanƙyashe, ya ciyar, ya rena. Ina kyautata zaton wani mai lura ne ya ga hankaka na ciyar da ɗan da bai yi kama da shi ba, maganar ta samo asali. Sai dai an yi wa hankaka ƙazafi, domin shi aka cuta.

Su kwazazzaban da na ambata ma suna da tarihi a ilmin tsuntsaye. A shekarun 1960 wani malamin wannan jami'a, Hilary Fry, ya yi nazarin koren tsuntsun nan mai jan maƙogwaro da ke cafke ƙudan zuma a sama, wanda ke haƙa ramuka jere a bangon kwazazzabo. Ya gano cewa ba iyaye kaɗai ke ciyar da 'ya'ya ba, akwai wasu manya da ke taya su reno. Wannan bincike na Zariya ya shiga littafinsa na 1984 a kan dangin waɗannan tsuntsaye, kuma har yau ana ambatonsa.

To, jama'a, ina aka kwana? Wanda ya ke son ya ga inda daji ke tafiya, ya leƙa kasuwar Sabon Gari. Garin ya kafu ne da zuwan jirgin ƙasa a farkon ƙarni na 20, kuma tun daga lokacin bukatarsa ta itacen girki ba ta ragu ba. Buhunan gawayi, da turame, da saƙe-saƙi da ɓawon maɗaci a gaban masu magani, duk daga daji suka fito. Ƙirya, saboda taurinta, ita maƙera da masu gawayi da masassaƙa suka fi so, shi ya sa ta ke saurin ƙarewa. Ba na zargin talakan da ke neman abin dafa tuwo. Abin da na ke ƙi shi ne yadda mu ke cike gurbi: a sare itatuwa iri goma, a dasa darbejiya da turare, a ce an yi dashe. Darbejiya baƙuwa ce daga Indiya, tana da inuwa da amfani, amma ba ta ba da kalwa, ba ta ba da kaɗe, tsutsar tsamiya kuma ba ta san ta ba.

Mafi muni shi ne labarin ungulu. Dattawan da ke nan sun san lokacin da babu mahautar da ba ta cike da ita. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun da muka sani a jerin halittun da ke gab da ƙarewa, kuma daga cikin dalilan akwai guba da cinikin sassan jikinta don tsubbu. Gauraka ma, da a ke yi wa kallon tsuntsun ƙasa, ta kusa ɓacewa daga Nijeriya. Yanzu ku dubi harshe. Muna cewa ungulu ba ta jewar banza, muna cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Yaron da aka haifa a Samaru a 'yan shekarun nan zai haddace waɗannan don jarrabawa, amma hoton da ke bayansu babu shi a idonsa. Haka sunayen unguwanni irin su Rimin Doko da Rimin Tsiwa da Durumin Maigarke a birnin Zariya: suna ya kan daɗe bayan itaciya ta faɗi.

Ba a ce ba a yi aiki ba. Likita Dalziel ya buga A Hausa Botanical Vocabulary a 1916, Bargery ya fitar da ƙamusunsa mai kalmomi kimanin 39,000 a 1934, Gbile ya tattara sunayen tsirrai a 1980, Roger Blench kuma ya faɗaɗa aikin a farkon wannan ƙarni. Tsirrai sun yi sa'a, domin ana cinsu ana magani da su. Ƙwari da ƙananan tsuntsaye ne marayu. Sau da yawa ƙamus ya kan kawo suna, ya ce wani irin tsuntsu ne, ya wuce. Bahaushen ƙauye yana rarrabe tururuwa da cinnaka da kiyashi da kwarkwasa, yana rarrabe gara da zago da shinge, rina da zanzaro, fara da babe da gyare. Ɗan birni kuwa ya tattara su duka ya ce ƙwaro.

Aikin da ke gabanmu ba ya bukatar kuɗi masu yawa. A wannan harabar akwai ɗakin adana busassun tsirrai, akwai masana ƙwari a Cibiyar Binciken Aikin Gona, akwai kuma ɗaliban Hausa da kowace shekara su ke neman abin da za su rubuta kundin digiri a kai. A haɗa ɗalibin Hausa da na ilmin halittu, a tura su Bomo da Shika da gindin Dutsen Kufena, su zauna da maharba da masunta da Fulani makiyaya da tsofaffin mata masu daddawa. Ɗaya ya ɗauki suna da karinsa da kirarinsa da garin da aka faɗe shi, ɗaya ya ɗauki samfur ko hoto ya tabbatar da ko wace halitta ce. Ku kuma ma'aikatan gandun daji da na ƙananan hukumomi, in an zo rabon dashe, a sa ɗorawa da kaɗanya da kanya da doka a cikin lissafi, kuma allon da za a rataya wa itaciya a makaranta ya ɗauki sunanta na Hausa a sama. Lokacin da ya fi dacewa a fara fita shi ne daga Afrilu zuwa Yuni, sa'ad da shamuwa ta sauka, shinge ya tashi, ciyawa kuma ba ta rufe hanya ba tukuna.

Shugaban taro, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.