Maganaɗisu, Zafi da Kwamfutar Makaranta



Duk shekara muna gaya wa ɗalibai cewa zafi yana kashe maganaɗisu, su rubuta, su haddace, su wuce. Wanda ya kai maganaɗisu maƙera zai gani da idonsa: da zarar ƙarfe ya yi jawur a wuta, ba ya kama shi. Ga baƙin ƙarfe, iyakar tana wajen digiri 770 a ma'aunin Selshiyos. Abin da ba mu cika bayyanawa ba shi ne dalilin da ya sa ƙarfin yake ɓacewa baki ɗaya a wannan gaɓa.

A shekarar 1920 Wilhelm Lenz na Jamus ya kawo wani fasali mai sauƙi, ya kuma ɗora wa ɗalibinsa Ernst Ising aikin warware shi. Mu ƙaddara gidajen dara ne, kowane gida da 'yar kibiya mai duban sama ko ƙasa. Kowace kibiya tana son ta dace da maƙwabtanta, zafi kuwa yana hargitsa su. Ising ya yi lissafin layi ɗaya tak, bai ga wani sauyi ba, ya ɗauka fasalin bai yi ba. Daga baya ya koma koyarwa a makaranta, ashe ɗan uwanmu ne a sana'a. Sai a 1944 Lars Onsager ya warware lissafin shimfiɗaɗɗen allo, sauyin ya bayyana sarai. Na mai tsawo da faɗi da zurfi kuwa, har yau ba a warware shi cif ba, shi ya sa ake komawa ga kwamfuta.

Hanyar da aka fi bi ita ce wadda Metropolis da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1953. Kwamfuta ta zaɓi gida da ka. Idan juya kibiyar zai ƙara mata dacewa da maƙwabta, a juya. Idan ba haka ba, a jefa ƙuri'a, kuma gwargwadon zafi gwargwadon damar juyawa. A maimaita sau miliyoyi. A sanyi allon zai rine da launi ɗaya, a zafi ya zama dabbare-dabbare. A bakin iyaka kuwa sai a ga tsibirai manya da ƙanana suna haɗuwa suna rabuwa, kuma nan ne ya kamata a tsayar da aji a yi tambayoyi. Sai dai mu faɗa wa yara gaskiya: ƙaramin allo yana dushe sauyin, domin ƙarfen gaske yana da ƙwayoyin da ba su ƙirguwa.

Tsohuwar kwamfuta ma ta isa wannan aiki, ba a kuma bukatar intanet. Saboda haka muna roƙon reshe ya sa wannan cikin bitar malamai ta hutu mai zuwa, ya kuma nema wa malaman kimiyya sa'a guda a mako a ɗakin kwamfuta.