Kafin A Ce "Ɓarawo!": Darasi Daga Labaran 'Yan Sandan Ciki

 

An nemi mu ɗan ce wani abu a kan fina-finan binciken laifi na Ingila, waɗanda yaranmu ke turawa a waya suna kallo a rumfuna idan ciniki ya lafa a nan Kasuwar Kure. Wasu iyaye na ganin ɓata lokaci ne kawai. To, mu dai muna ganin akwai abin tsinta a ciki, kuma abin ya shafi zamanmu a garin nan na Minna.

Da farko dai bari mu san asalin abin. A shekarar 1887 wani likita mai suna Arthur Conan Doyle ya ƙago Sherlock Holmes, mutumin Landan da ke duban laka a takalminka ya faɗa maka unguwar da ka fito. Ya rubuta littattafai 4 da gajerun labarai 56 a kansa. Da ya gaji, sai ya kashe shi a cikin labari a 1893, amma masu karatu suka hana shi sakat, ala tilas ya dawo da shi. Bayansa aka yi Agatha Christie, wadda ta rasu a 1976, ta bar littattafan bincike 66. A cikin taurarinta akwai wata tsohuwa 'yar ƙauye, Miss Marple, ba bindiga ba kulki, sanin halin mutane kaɗai ne makaminta. Daga nan talabijin ta karɓa, aka yi irin su Inspector Morse daga 1987 zuwa 2000.

Shin me ya sa mutum ba ya iya tashi sai ya ga ƙarshe? Dalili shi ne, ana wasa da hankalinsa. Da an aikata laifi za a nuna maka wani mai muguwar fuska, ko baƙo a garin, ko bara wanda ba shi da gata, zuciyarka ta ce ai biri ya yi kama da mutum. Shi kuwa mai bincike ba ya gaggawa. Sai ya tambayi kowa inda yake a lokacin, ya gwada maganar wannan da ta wancan, har ramin ƙarya ya ƙure. Sau da yawa a ƙarshe sai ka tarar mai laifin shi ne wanda ya fi kowa kamala a ido, wanda aka fara zargi kuwa bai san hawa ba bai san sauka ba. Daɗin labarin ke nan, wato a wanke marar laifi a gaban jama'a.

Jama'a, wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, yadda aka dubi rigarsa aka ga ta baya ta yage, wannan ya nuna mai gaskiya. Haka kuma malamai na ba da labarin Alƙali Iyasu na Basra. Wani ya ce ya ba abokinsa ajiyar kuɗi a gindin wata bishiya, abokin ya ce shi bai ma san bishiyar ba. Alƙali ya aiki mai ƙara can, ya ci gaba da wasu shari'u. Can sai ya juyo ya tambayi wanda ake ƙara ko yana jin mutumin ya isa. Ya ce a'a, ai wurin da nisa. Shi ke nan, bakinsa ya kama shi. Ko Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara ta jihar nan a 1911, ya cika Magana Jari Ce da labaran ɓarayi da masu dabara. Ashe tuwon gida ne, miya kawai aka sake.

To, ga inda maganar ta zo kanmu. A kasuwa idan aka ce "ɓarawo!", babu mai tambayar me ya sata. Kowa sai ya ɗauki abin da ke kusa da shi. A watan Oktoba na 2012 haka aka kashe ɗalibai 4 na Jami'ar Fatakwal a garin Aluu bisa zargin sata. A watan Maris na 2025 kuma, a Uromi ta Jihar Edo, aka tare mafarauta 'yan Kano da ke hanyar komawa gida yin Sallah, aka ga bindigogin farauta a motarsu, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka hallaka mutum 16. Da an sami mutum ɗaya mai haƙurin tambaya, kuma aka saurare shi, da wataƙila suna cikin iyalansu yau.

Mu da muke zaune tare da Gwarawa da Nufawa da Yarbawa da Ibo, ya kamata mu fi kowa tsoron hukuncin zato, domin baƙo shi ake fara nunawa da yatsa. Abin da ba mu so a yi wa ɗanmu a Kudu, kada mu yi wa ɗan wani a layinmu.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Na ɗaya, duk wanda aka kama, a riƙe shi ba duka, a kai shi ofishin shugabannin kasuwa, su miƙa shi ga 'yan sanda. Na biyu, kafin mu zargi yaron shago, mu duba littafin bashi da rasit, mu ƙirga kaya, don sau da yawa lissafi ne ya ɓace ba kuɗi ba. Na uku, saƙon murya da aka turo a WhatsApp ba shaida ba ne. Mu tambaya: wa ya gani da idonsa, yaushe, kuma ina kayan? Ƙa'idar shari'a ma ai sananniya ce, mai ƙara shi ke kawo hujja.

Yaranmu kuwa, in sun kalla a bayan aiki da karatu, mu zauna mu tambaye su yadda aka gano mai laifin. Watakila a cikinsu Allah Ya fitar mana da alƙali ko ɗan sanda mai tsoron zalunci.

Allah Ya tsare mu da ɗaukar alhakin wani, Ya ba mu ciniki mai albarka, Ya zaunar da garinmu lafiya. Wassalamu alaikum.